Hanyar Estad: da mi ake zuwa, da mi ake komowa

A fadarmu ta bayan ɗakunan kwana, in an ɗora shayi na biyu hira ta gangaro kan Mena, ba a tashi sai an tado ranar 10 ga Oktoba 2010. Kowa ya san labarin, har waɗanda a lokacin ba su gama koyon ɗaure igiyar takalmi ba. Masar ta sauka Yamai da kofin Afirka uku a jere a hannunta, na 2006 da 2008 da 2010, Musa Ma'azu ya zura mata guda, aka tashi a haka. Sai a yi ta gardama a kan wa ya ba shi ƙwallon, da wace ƙafa ya buga, mai tsaron gida ya yi kuskure ko bai yi ba. Abin da ban taɓa jin wani ya tambaya ba shi ne: dubban mutanen da suka cika estad a ranar, da mi suka zo, kuma da mi suka koma gida?

Na san tambayar ta yi kama da ta wanda ya rasa abin yi. To amma na bi ta. Na tambayi yayana da ya yi jami'a a wancan zamani, na tambayi kawuna da ya ga kokowar ƙasa tun farkonta, na zauna da tsofaffin direbobi a bakin tashar Wadata, sai na tarar akwai tarihi a ciki, kuma tarihin ya shafe mu. Wanda ke iya isa fili shi ke kallo, kuma isar nan ba ta taɓa yin sauƙi ba a ƙasar nan.

Mu fara da kokowa, don ita ce babba. An yi gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, shekara guda bayan Seini Kunce ya karɓi mulki, kuma Kantu na Maradi ya lashe ta. Tun daga nan aka ɗauki wata shawara wadda ban tsammanin an lura da girmanta ba: gasar ba za ta zauna gari guda ba, za ta riƙa zagaya manyan garuruwan jahohi. Bana tana nan, baɗi tana can. Shi ya sa yau kowace jaha take da filinta, kuma da yawansu suna ɗauke da sunan gwarzon gida: na Maradi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Ƴan kokowa tamanin, goma daga kowace jaha, su ke hawa mota su zo wurin jama'a. Manomin da bai taɓa ganin kogin Kwara ba yana iya zama garinsu ya jira, cikin ƴan shekaru takobi zai zo har ƙofar gidansa.

Amma akwai waɗanda ba su iya jira, kawuna yana cikinsu. Ya ce ta Tawa a rediyo ya ji ta, an kewaye akwati guda a gindin bedi, babu mai tari. Daga baya, wata shekara da aka yi ta a Damagaram, ya ce sai ya gani da idonsa. Tsakanin Maradi da Damagaram bai kai kilomita 250 ba, yau tafiyar hantsi ce. A lokacin babu kar-kar ɗin nan masu sanyi da muka sani. Akwai Pijo 404 mai tanti, akwai Sabiyam, akwai manyan motocin kaya, kuma ko wacce ba ta da lokacin tashi in ba cika ba. Shi a saman buhuna ya tafi, rawani naɗe har ido saboda hunturu. Motar ta tsaya Tasawa sauke kaya, ta tsaya gaba kaɗan gyaran taya, suka shiga Damagaram ana kiran asuba. Ya kwana zauren wani ɗan uwan kakarmu har aka ƙare. Da na tambaye shi yadda yake zuwa filin daga masaukinsa, dariya ya yi. Ya ce, "Kai yaro, garin duka nawa yake? In ka ji ganga sai ka bi ta."

A wancan zamani wahalar duka tana tsakanin gari da gari ne, kuma gwamnati a can ta sa ƙarfinta. A shekarun 1970 aka ja hanyar Haɗin Kai ta gabas, daga Gure zuwa Gigimi, da taimakon Kanada, aka kuma shimfiɗa hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit wadda aka gama wajen 1980. Kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, wanda aka kafa tun 1963, shi ke da manyan motocin fasinja masu ranar tashi. Cikin gari kuwa ƙafa ta wadatar.

Sai ƙwallo ta zo da nata tsarin. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, bai ga buɗe filin da ke ɗauke da sunansa ba. A 1989, zamanin Ali Shaibu, aka buɗe shi, Sinawa suka gina, mai ɗaukar mutum 35,000. Bayan taron ƙasa na 1991 an ɗan kira shi da sunan 29 ga Yuli kafin sunan Janar ya dawo, amma bakin jama'a bai wahalar da kansa ba, estad kawai ake cewa. Shi ba ya zagayawa. Babban fili guda ne ga ƙasa duka, a kusurwar yamma, kilomita 660 daga Maradi, kusan 900 daga Damagaram, sama da 1,300 daga Difa. Duk mai son ganin Mena shi zai taso.

Ku duba lissafin da kyau. Ƙidayar 1988 ta samu mutanen Yamai ba su cika 400,000 ba. Wato ranar da aka buɗe estad, in ya cika, kusan mutum guda cikin goma sha ɗaya na garin yana ciki. An kuma gina shi a tsakiyar gari, gefen kwarin Guntu Yena, kusa da kasuwar Katako. Ɗan Bukoki da ɗan Plato da na unguwannin kewayen babbar kasuwa duk suna iya takowa. Wanda ya zaɓi wurin ya kyauta mana, ko da niyya ko ba da niyya ba, domin da an jefa shi bayan gari kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, da labarin ya fi haka muni. Sai dai garin bai tsaya inda yake ba. Ƙidayar 2001 ta ba shi sama da 700,000, ta 2012 ta haura miliyan. Kuma Yamai ba sama take girma ba, shimfiɗa take yi kamar tabarma. Kwara Tegi, Lazare, Banifandu, Taladje, Aeropor, Saga, Kirkisoy, Yamai 2000: matasan da suka fi kowa son ƙwallo can suke, inda haya ke da sauƙi, nesa da estad.

A daidai lokacin da garin ke shimfiɗa, motocin gwamnati na cikin gari suna ja da baya. SNTN ke da bus-bus na birni a da. Kuɗin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk wani ƙarfe da ake sayowa waje, daga taya har fitila, kuɗinsa ya ninka dare guda. Bus in ta lalace sai a jingine ta, a cire kayanta a gyara ƴar uwarta. A tsakiyar shekarun 1990 aka ware sufurin birni aka ba sabon kamfani, SOTRUNI, amma motocinsa ba su taɓa kai yawan da garin ke buƙata ba. Kowa ya zauna Yamai ya san haka, ba sai an faɗa masa ba.

Gurbin da aka bari, ƴan kasuwa suka cike shi da motocin Kwatano, tsofaffin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa a koro su ta Gaya. Ƙananan Toyota, Starlet da Corolla, suka zama taksi masu jan kai. Hiace ta zama faba-faba, sunan daga Zabarmanci ne, taimako yake nufi, kuma wallahi sunan ya dace. Ita ke bin layi daga kasuwannin tsakiya zuwa unguwannin gefe, yaron mota rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa. Wasu layukan har sunan unguwar ya zama sunan motar, kamar Taladje-Taladje da Lazare-Lazare.

Ga wanda bai san taksin Yamai ba, ƴan uwa na Tawa da Damagaram da ba su zo ba tukuna, ga yadda take. Ba ka ɗaukar ta kai kaɗai. Ka tsaya bakin hanya, ta rage gudu, ka faɗi inda za ka. In ya yi daidai da hanyar waɗanda ke ciki, direba ya ɗaga kai ka shiga. In bai yi ba, ko kallonka ba ya ƙarawa, ya taka ya wuce. Shekaru da yawa kuɗin kurs guda dala arba'in ne, 200 F, in wurin da nisa a ce maka kurs biyu. Tsarin yana aiki a ranar yau da kullum, don mutane suna watse, kowa da lokacinsa. A ranar wasa kuwa lissafin ya kife. Taksi mutum huɗu take ɗauka. In za a kwashe mutum 35,000 da taksi zalla, sawu 8,750 ke nan. In da faba-faba ne mai mutum goma sha takwas, sawu kusan 2,000. Ko rabin jama'ar ne kawai ke neman mota, babu hanyar da za ta ɗauki wannan cikin awa guda.

Shi ya sa zuwa da komowa ba ɗaya ba ne. Zuwa a hankali ake yi, wani tun hantsi, wani bayan azahar, kamar ruwa na taruwa a tafki. Komowa kuwa lokaci guda ne. Alƙali ya hura, ƙofofi su buɗe, kowa ya fito tare, ga magariba ta kawo kai. Direban taksi mai hankali ma ba ya kusantar wurin. Wani tsoho a Wadata ya ce mini shi ranar wasa yakan kai mutane har ƙarfe uku, daga nan ya koma wani gefen gari. Ya ce in an ci, samari su hau masa bisa mota suna tsalle, in an sha kashi, ba ka san wanda zai huce a kan gilashinka ba, ga cunkoso, man da za ka ƙona a tsaye ya fi kuɗin da za ka samu. Ban ga laifinsa ba. Motar ma ba tasa ba ce, kowane dare sai ya kai wa mai ita kuɗin yini.

A Disamba 2005, daga 7 zuwa 17, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na biyar, zamanin Tanja Mamadu, a ƙarshen shekarar da yunwa ta yi mana illa. An gyara estad, an gina ƙauyen ƴan wasa wanda har yau unguwar ke amsa sunansa, an shirya yadda baƙi za su je fili su dawo masauki a kan lokaci. Wannan ya nuna ana iyawa in an so. Da baƙi suka tafi, ɗan gari ya koma bakin hanya yana ɗaga hannu.

Yanzu mu dawo kan ranar Masar. Yayana yana shekara ta biyu a jami'ar Abdu Mumuni, a Harobanda, ƙetaren kogi. A 2010 gada guda ce tak a Yamai, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, wadda kowane ɗalibi ya san abin da ya faru a bakinta ranar 9 ga Fabrairu 1990. Ta biyu, ta Sinawa, sai a 2011 aka buɗe ta. Duk abin da zai ƙetare, mota da babur da amalanke da raƙumi mai ɗauke da tabarmi, nan zai bi. Ya ce ranar Lahadi ce. Su takwas suka fito daga ɗaki bayan sun karya, suka tsaya neman taksi. Duk wadda ta zo a cike take, wadda ba ta cika ba ta ce kurs biyu kowane mutum. Suka lissafa abin da ke aljihunsu, in sun biya haka babu kuɗin shiga. Sai suka hau layi na 11, wato ƙafa biyu.

Ya ce tun daga kan gadar suka gane ba su kaɗai ba ne. Ayari ne, wasu da tuta, wasu da ganga, wasu da jarkar ruwa. Suka haura ta tsakiyar gari, rana tana dukan ƙeya, masu ruwan leda suna bin su a guje. Kafin su kai, ƴan sanda sun tare hanyoyin da ke kewaye da filin, har wanda ya zo a mota sai ya sauka daga nesa ya ƙarasa a ƙasa. Ya ce abin ya yi masa daɗi, ganin mai babbar riga da ɗan makaranta suna haɗa kafaɗa a ƙura guda. Sun shiga tun rana tana tsaka, suka zauna a siminti mai zafi awa uku kafin a fara.

Komowar ita ya fi ba da labari. Ya ce bai san lokacin da ya bar estad ba, jama'a ce ta ɗauko shi. Babu mota da ke motsi, babura suna ta oda, mutane a saman duk abin da ke da taya. Sun yi sallar magariba a bakin wani shago, takalminsa guda ya tsinke tun a ƙofar fita, ya ƙarasa gada da ƙafa ɗaya a ƙasa. Sun isa ɗaki bayan isha'i, murya ta dushe, babu wanda ya tuna bai ci abinci ba. Ya ce a ranar ko an kawo masa mota kyauta ba zai shiga ba. Na yarda da shi. Amma na tambaye shi ranar da aka sha kashi fa? Ya ce hanyar nan guda takan ninka tsawo, babu mai yi wa wani magana.

Akwai kuma waɗanda suka taso daga nesa. A shekarun 2000 sufurin tsakanin garuruwa ya sauya ƙwarai. SNTV ta gaji fasinjan SNTN, sannan kamfanoni masu zaman kansu suka shigo da manyan kar, su Rimbo, EHGM, Aïr Transport, Azawad, Sonitrav, daga baya wasu da yawa. Suka kawo abin da kawuna bai sani ba a zamaninsa: tikiti mai lambar kujera da lokacin tashi. Amma lokacin guda ne kusan ga kowa, kafin asuba. Kar ta bar Maradi da duhu, ta bi Madawa, Galmi, Tsarnawa, ta tsaya Konni a ci abinci, ta wuce Dogon Dutsi da Doso, ta shiga Yamai wajen la'asar. Wasa kuma da la'asar ake farawa. Don haka wanda zai ga wasan Lahadi dole ya taso Asabar, ya kwana gidan ɗan uwa ko a kan tabarmar tasha, ya koma Litinin. Kwana uku da kuɗin mota zuwa da dawowa saboda minti casa'in. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai wanda ya yi wata yana tari, ko ɗan kasuwar da ya haɗa kallon da sarin kaya. Na Damagaram ya ƙara awa huɗu a kan haka, na Difa kuwa sai dai rediyo.

Kada wani ya ce wannan duk labarin gefe ne. Ku duba yadda Mena ta je kofin Afirka na farko a tarihinta. Wasa shida aka yi a rukunin. Uku na waje duka an sha kashi: Afirka ta Kudu 2-0, Saliyo 1-0, Masar 3-0. Uku na Yamai duka an ci: Masar 1-0, Saliyo 3-1 a Maris 2011, Afirka ta Kudu 2-1 a Satumba 2011. Maki tara, kuma duka taran a estad aka same su, ƙarƙashin Haruna Dula. Har ƴan Afirka ta Kudu suka yi rawar murna a filinsu suna zaton su suka wuce, ashe ba su karanta dokar ba. Shekara ta gaba ma haka: Gine ta ci mu 1-0 a can, muka rama da 2-0 a Yamai ranar 14 ga Oktoba 2012, muka tafi kofin 2013. Za a ce zafin rana ne ya taimaka, kuma gaskiya ne. Amma zafin da ke saman siminti ya fi na cikin ciyawa, kuma waɗanda suka zauna a kansa suna ihu tun azahar da ƙafarsu suka zo. Ni a ganina suna da kaso a makin nan tara.

Bayan haka an yi ayyuka a Yamai, ba a musu. Gadar sama ta Mali Bero, wadda ba ta da nisa da estad, an buɗe ta a 2013. Aka yi ta dandalin Shahidai a 2016, aka yi ta Jori Hamani a Katako a 2018, aka ƙara gada ta uku a kan kogi a 2021. Mai mota ya ji daɗi. Wanda ba shi da ita, gadar sama ba ta ƙara masa kujera ko guda ba, wani wurin ma ta ƙara masa zagaye. An kuma shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, aka yi bikin buɗe tasha a 2014, aka gama layin a 2016. Jirgin bai taɓa zama abin hawan yau da kullum ba. Nakan yi tunanin yadda za ta kasance da yana aiki: tarago goma cike da ƴan Doso ranar da Isaka Isaka zai kara a filin Yamai, su zo da safe su koma da dare. Yanzu awaki ke kwana a kan ƙarfen.

Abin da na gani da idona shi ne na 2019. A Fabrairun shekarar Nijar ta karɓi kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20, kuma a karon nan an raba: rukuni guda a Yamai, guda a Maradi. Senegal, Mali, Gana da Burkina Faso suka zo garinmu. Ina lise a lokacin. Karo na farko ke nan da ƙwallo ta yi abin da kokowa ke yi tun 1975, ta tako ta zo wurinmu. Kuma biyun da suka kai ƙarshe, Mali da Senegal, duk daga rukunin Maradi suka fito, Mali ta ɗauka da bugun fenareti a Yamai.

Maradi ba garin taksi ba ne kamar Yamai. Mu kabu-kabu muka sani, sannan adaidaita, wadda ta shigo mana daga Najeriya da sunanta na Kano, ta yawaita bayan da aka hana acaɓa a can a 2013. Dukansu da man ruwa-ruwa suke tafiya, na kwalba, wanda ke ƙetaro iyaka ta Dan Isa da sauran hanyoyi, duk da matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011. Man nan mai arha shi ya sa dala ashirin ke kai ka nesa a lokacin. Ranar wasan farko da na je, mu biyu muka hau babur guda da abokina, muka isa cikin minti goma. Da aka tashi, ɗan kabu-kabun da muka tare ya ninka kuɗi, ya ce in ba mu so ga wasu nan a baya. Muka taka. Garin bai kai Yamai faɗi ba, kafin isha'i muna gida.

Wanda bai je ba ita ce ƙanwata. Ta fi ni sanin ƴan wasa, ita ke gyara mini sunayensu. Ta roƙi Inna kwana biyu. Inna ba ta ce kallon haramun ba ne, ba ta ce filin ba na mata ba ne. Abin da ta ce shi ne, "In an tashi da magariba, wa zai maido mini ke?" Ba ni da amsa, don ni kaina ban san da mi zan dawo ba. Tun daga ranar nakan duba ƴan kallo a tele in ƙirga mata da tsofaffi da yara ƙanana, in ga yadda suke kaɗan, kuma na daina yarda cewa rashin sha'awa ne kawai. Tsarin da ya dogara ga ƙarfin ƙafa da iya ture-ture a bakin ƙofar faba-faba ya riga ya zaɓi wanda zai zo: namiji, matashi, mai lafiya. Gurgu mai keke fa? Shi ko tambayarsa ba a yi.

Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya tashi a duk garuruwan bakin iyaka. A Yuli 2024 aka rage litar esans a gidajen mai daga 540 F zuwa 499 F. Wannan duk ya taɓa aljihun mai zuwa kallo, amma kafin nan wata matsala ta riga ta sha gabansu.

Hukumar ƙwallon Afirka ta tsaurara sharuɗɗan filaye, estad ɗinmu bai cika su ba. A Nuwamba 2021 Mena ta ci Jibuti 7-2 a Yamai. Daga 2022 kuwa wasanninmu na gida suka koma gidan wasu: Tanzaniya a Kwatano, Aljeriya a Tunisiya, Zambiya a Marrakesh, Gana a Berkane, Sudan a Lome. A Lome an ci Sudan 4-0, a Marrakesh an ci Zambiya 2-1, kuma in ban da ƴan Nijar mazauna can da suka leƙa, kujeru ne suka kalla. Yayana da ya tsinke takalmi a 2010 yanzu yana da babur, yana da ɗan abin sayen tikiti, yana da yaro ɗan shekara bakwai da yake son kai wa estad ya ga Mena. Hanyar da zai bi ta zama jirgin sama.

Kokowa ita tana nan tana zagayenta. Difa a 2022, Agadas a 2023, Doso a Disamba 2024, inda Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da Isaka Isaka a ƙarshe. Ƴan ɗakinmu huɗu sun je ta Doso. Sun shiga Hiace a Wadata da safe, an matse su biyar a layin mutum huɗu, sun kwana a barandar wata makaranta, sun dawo da mura da labarin da har yau ba su gama ba da shi ba.

Ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, Mena ta karɓi baƙuncin Maroko. A takarda mu ne masu gida. An buga a Ujda, can arewa maso gabashin Maroko kusa da iyakar Aljeriya, fili cike da ƴan Maroko. Mun kalla a fada bayan tarawi, mu wajen talatin a gaban tele guda. Mu muka fara ci, suka rama, suka ƙara a ƙarshen lokaci, 2-1. Ana tashi kawu ya kira ni daga Maradi, ya ji a rediyo an ce wasan gida ne. Ya ce, "To kai da kake Yamai, ka samu shiga?" Na ce, "Kawu, ba a nan aka yi ba, a Ujda ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ujda kuma? Ta wace tasha ake shiga motarta?"